Furosesar da Ba a Canza Ba

Tun daga Samaru Japheth ya ɗauko kwamfutarsa, ya dire ta a shagon gyara na mahaifin Toluwani da ke Sabon Gari. Toluwani ce ta haɗa masa ita da hannunta bara.

"Sabuwar furosesa nake so," in ji shi, yana nufin ƙwaƙwalwar kwamfutar. "Wasan gem ɗina sai sarƙewa yake yi."

Ta kwance murfin ta leƙa, ba ta ko ɗago ba. "Furosesarka ba ta da laifi, ƙura ce ta toshe fanka. Ko ka sa sabuwa, da ƙyar ka ga bambanci. Kai ma ai ka sani."

Ya sani kuwa. Idonsa na kan kwalayen da aka ɗaure a lungu.

"Da gaske Ibadan za ku koma?"

"Ranar Asabar."

"Kada ki tafi, Tolu. Aurenki nake so."

Hannunta ya tsaya cak. Ta daɗe tana dubansa, har idanunta suka ciko.

"Sai yau bakinka ya buɗe? Baba yana ciki. In da gaske kake, shi za ka faɗa wa."

Japheth ya goge zufar tafinsa a wando, ya yi sallama, ya ɗaga labulen ɗakin ciki.