Jan Biro da Mai Gadi

Karo na goma sha ɗaya ke nan a mako guda da Jan Biro ya zuba sababbin kalmomi a kamus, aka kwashe su tun shayinsa bai huce ba.

Jan Biro tsohon malamin makaranta ne, ɗalibai suka laƙaba masa sunan don ba ya mayar da takarda sai ta yi jina-jina. Da ya yi ritaya ya rasa wanda zai yi wa gyara. Matarsa ta hana shi taɓa takardar cefane, sai ya faɗa aikin wata manhaja mai duba kuskuren rubutu. Ta kyauta ce, duk mai so ya leƙa cikinta ya gyara. Ba hoto, ba ado: baƙin allo ne, ka rubuta mata umarni da sunan fayil, ta zubo maka kalmomin da ba ta yarda da su ba. Har masu buga littattafai sun ɗora ta a cikin nasu tsarin.

'Yan sa-kai goma sha biyu ke riƙe da ita ta intanet. Kamus ɗin kuwa, wato jerin kalmomin da take aunawa da su, shekara shida yana hannun Jan Biro, kuma ba mai taɓawa. Wanda ya taɓa gwadawa ya sha wasiƙa mai shafi huɗu.

Dama watan bai zo masa da daɗi ba. Ya manta kalmar sirrinsa, ya yi ta gwada sunayen jikoki ɗaya bayan ɗaya har aka toshe shi, dole ya buɗe sabon asusu kamar wani baƙo. Yana zama ya kama aiki sai ga wani mai kiran kansa Mai Gadi. Duk abin da ya saka, minti biyar ba ƙari ba ragi, sai mutumin nan ya goge, ya bar saƙo: "A mayar yadda yake. Wanda bai iya ba ya je ya koya."

Shi! Wanda ya yi shekara talatin da biyar da alli a hannu!

Da farko ya bi ta lalama. Ya rubuta gaisuwa, ya tambayi iyali, ya kawo hujja daga littattafai uku. Amsar ba ta sauya ba ko da waƙafi. Ya gwada da sassafe, ya gwada ana tsakar cin abincin rana, ya gwada ranar hutu. Mutumin ba ya cin abinci, ba ya zuwa kasuwa, ba shi da surukai da za su kira shi biki.

"Marar aikin yi ne," ya gaya wa matarsa, yana dukan madannai da yatsa biyu. "Wanda ya rene shi bai kyauta wa jama'a ba."

"Ni kuwa ina ganin da za ku haɗu, da kun shirya," in ji ta, ta ɗauke kofin ta wuce.

Sai maganar ta kai ga Shugaba, matar da ke jagorantar aikin, wadda ke fama da nata ofis da tagwaye. Masu buga littattafai sun dame ta suna jiran sabon kamus. Ta rubuta masa a taƙaice: in Juma'a ta yi bai miƙa ba, za a ba wani riƙon kamus ɗin. Jan Biro ya karanta sau uku. In aka karɓe kamus, ba abin da ya rage masa sai kujerar ƙofar gida da rediyo, kuma ya san kansa, ba zai yi wata guda ba zai fara gyara wa mai labarai magana.

Ya zauna ya tsara doka. Ya yi kwana biyu yana ƙulle ta ta kowace kusurwa, yadda ba mai zamewa: a rufe Mai Gadi, a kuma kori duk wanda ya shigo da shi aikin, har abada, ba ɗaukaka ƙara, ba ban haƙuri, ba a sauraron tsufa ko rashin lafiya. Ya bi 'yan sa-kai ɗaya ɗaya yana neman ƙuri'a. Har wanda ya sha wasiƙa mai shafi huɗu ya amince, da saurin da ya ba Jan Biro mamaki.

Ranar Juma'a da hantsi waya ta yi ƙara. Shugaba ce. Ya ƙure sautin, ya ƙwala wa matarsa kira daga wajen shanya don ta zo ta ji da kunnenta.

"Malam, dokarka ta wuce, ba wanda ya ƙi. Na rufe Mai Gadi. Saura wanda ya shigo da shi."

"A kore shi! Har abada, haka na rubuta!"

"Haka ka rubuta." Aka ji tana danna wani abu. "To, na duba tarihin aikin. Mai Gadi ba mutum ba ne, 'yar manhaja ce mai layi tara. Shekara huɗu da suka wuce wani zai kwanta asibiti a yi masa aikin ido, ya sa surukinsa ya dasa ta, wai duk wanda ya taɓa kamus in ba da tsohon asusun mai ciwon idon ba, a goge a gaya masa ya je ya koya. Af, Malam, ya idon naka?"