Rigar Anko da Ƙwayar Raguna

Mansura siririya ce tun haihuwa, kuma lafiyarta lau. A wani ƙauye take kusa da Kanan-Bakashe. Ita ke daka, ita ke jan ruwa a rijiya, ba ta taɓa kwanciya ciwo ba in ba masassarar damina ba. Jama'a, ku riƙe wannan tukuna: lafiyarta lau.

Bikin ƙawarta Surayya ya matso, aka fidda anko. Kun san yadda ake yi. 'Yammata su tara atamfarsu su kai wa tela guda, shi kuma don ya yi sauri sai ya auna mutum ɗaya ya yanke ma kowa. Tela Danda ya auna Sakina, babbar ƙawa, mai jiki, ya ɗinka duka a kanta.

Mansura ta gwada tata, wuya ya zame daga kafaɗa, gefe yana lilo. Ta koma shagon, ta iske ƙawayen suna karɓar nasu.

"Danda, don Allah rage mani ita kaɗan nan gefe."

Ko kai bai ɗaga daga keken ɗinki ba. "Rigar nan ba ta da laifi, ƙanwata. Ke za ki ƙaru. Je ki cika ta."

Sakina ta tafa hannu. "Wayyo ni! Kamar an shanya wanki bisa kara!"

Shago ya ɗauki dariya. Mansura ta naɗe rigarta ta fita.

A gida ta gaya ma uwarta Zara'u, tana jiran lallashi. Zara'u ta ce, "Ai gaskiya ya gaya maki. Ki ci tuwo ki yi jiki, ɗiyar nan. Wane namiji ke auren ƙashi?"

Uwa ce fa ta faɗi haka.

Lokacin kiwon layya ne, kowace mace da ragonta ɗaure a turke. Akwai wani mai tebur da ke zuwa ran kasuwa, Mahmudu, yana sayar da 'yan ƙwayoyin da wasu ke murƙushe ma raguna cikin dusa don su kumbura da wuri. Sakina ce ta ja Mansura wurinsa.

Mahmudu ya dube ta daga sama har ƙasa, ya san sarai ba rago ta zo sayen ma ba. Ya ce, "Kullum ki jefa ɗaya da safe. Kafin biki, ko uwarki ba ta gane ki."

Ƙwaya ta yi aikinta. Kumatu suka cika, wuya ya yi kauri, ciki ya fito. Ran biki rigar ta zauna mata cif. Mata suka riƙa juya ta suna, "Tubarkalla! Mansura an zama mace!" Zara'u har guɗa ta yi. Babu wadda ta tambaya daga ina jiki ya zo alhali tuwon gidan bai ƙaru ba.

Wa zai daina abin da ake yi ma guɗa? Biki ya wuce, ta ci gaba da sha.

Sai fata ta fara tsagewa ga cinya da ciki. Ƙishirwa ba ta ƙarewa, fitsari ba ya tsayawa. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Guga guda ta kasa ja. Da tsoro ya kama ta sai ta watsar da ƙwayoyin gaba ɗaya, ba ta gaya ma kowa ba. Ba a daɗe ba ta yanke jiki ta faɗi bakin turmi.

Aka sa ta amalanke zuwa bakin titi, aka kai ta likita a garin Mayahi. Likitan ya duba ta, ya juyo ga Zara'u. "Inna, mi ta sha? Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Maganin ya lalata mata ciki, kuma irinsa ba a tsayar da shi lokaci guda." Sun yi iyakar yinsu. Mansura ba ta dawo gida da ranta ba.

Bayan an share makoki, Zara'u ta tafi kasuwa ta tsaya gaban teburin.

"Kai ka kashe mani ɗiya!"

Mahmudu ya gyara hularsa. "Haba Hajiya, ni maganin bisashe nake sayarwa. Ɗiyarki tunkiya ce?"

Ta kai kuka wurin manyan unguwa. Suka ce ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare, mun ji, mu ma Musulmi ne. To shi mai teburin, nasa hukuncin yana ina? Har yau yana nan ran kasuwa, kuma ba masu raguna kaɗai ke tsayawa gabansa ba. Ina masu iko? Sai 'ya'yan wa sun mutu za a kife teburin nan?

Da aka raba kayan mamaciya, rigar ankon ta faɗa ga ƙanwarta, ita ma siririya. Zara'u ta ɗauki rigar da kanta ta jefa ma Danda bisa keke.

"Rage ta."

Danda ya kama gefe, ya taka keke, ya juya ɗayan gefen. Kafin ta gyara mayafinta ya gama. Iyakar abin da Mansura ta roƙa ke nan.

Iyaye, teloli, ƙawaye, da ku nake. Tufa ake gyara ma mutum, ba a gyara mutum don tufa. Duk wanda ya yi ma yarinya gorin jikin da Allah ya ba ta har ta kai ga ƙwaya, da hannunsa cikin abin da ya same ta.