Kujerar Mai Saurare

Pernilla ta turo ƙofa ba tare da ƙwanƙwasawa ba, ta kakkaɓe ƙanƙarar takalminta, ta wuce kicin ta haɗo kofi, nata ita kaɗai. Tsohon da ke zaune bakin taga ko sannu bai samu ba.

Sixten Rönnbäck ke nan, malamin da ya ƙarar da ƙarfinsa a wata 'yar makaranta can bayan garin Skellefteå, inda aji ɗaya ke kwashe 'ya'yan ƙauye kaf. A can ya rubuta littafinsa kan yadda ake raba yara rukuni-rukuni su tattauna. Yanzu wani kamfanin buga littattafai a Ingila ya yarda ya fitar da shi da Turanci, muddin fassarar ta iso kafin bazara. Idon Sixten ya kusa tafiya, likita kuma ya daina yi masa alkawari. Burinsa ɗaya ya rage a duniya, ya riƙe littafin nan a hannu ya ji nauyinsa.

Pernilla ce mai fassarar, kuma ta san da wannan sarai, shi ya sa jan ƙafarta ke da ban haushi. Kalmar bikupa ta yarensu, wato amya, da malamai ke cewa idan yara sun juya bibbiyu suna ƙus-ƙus, ko ɗan koyo ya san Turancinta. Amma sai da ta sa tsohon ya yi bayaninta har muryarsa ta dushe. In kuwa ya buɗe baki tana cikin bugawa a kwamfuta, yatsa kawai take ɗaga masa.

"Ba lokacinka ba ne," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi.

Sai ya haɗiye maganarsa. Abin tausayi ne a ga mutumin da malamai ke cika zaure don saurarensa yana jiran izinin yatsa. Amma ya zai yi? Turancinsa bai wuce na neman hanya a tasha ba.

Haka suka ja har babi na ƙarshe, inda kalmar da ya ƙirƙira da kansa take, wadda ya fi alfahari da ita: kujerar mai saurare.

"Wannan ba ta da 'yar'uwa a Turanci," Pernilla ta ce. "Sunan ya yi laushi, ba zai gaya wa Bature komai ba. Faɗa mini abin da ake yi, ba abin da ake kiransa ba."

Nan tsohon ya farfaɗo. Ya gyara zama, har jini ya dawo masa fuska. Ya ce yara ba sa magana don suna so, sai don tsoron a bar su a baya. Saboda haka sai a ajiye kujera ɗaya bayan da'irar, a zaunar da yaro ɗaya. Ba ya magana, ba a yi masa magana, ko ya ɗaga hannu ba a gani. Sauran kuwa da sun waiwaya sun gan shi, bakinsu ya buɗe.

"Ana canza yaron?"

"A littafi na ce ana canzawa." Ya yi 'yar dariya. "Wa ke canza abin da ke aiki? Shekara guda cur, in ta kama a ƙara."

Yatsunta na ta gudu a kan kwamfuta. Wannan karon ba ta katse shi ba ko sau ɗaya. Ta goge shafinsa mai daɗin karatu, ta zuba maganarsa a gurbin, kalma bayan kalma, har da dariyar.

"Yaya ake zaɓar yaron?"

"Ai nan gwanintar take," in ji Sixten, yana kaɗa yatsa. "Kada a ɗauki mai kuka, kada a ɗauki mai uwa mai baki. A nemi wanda ba zai taɓa kai ƙara gida ba."

Ta buga wannan ma. Ta juyo masa da allon, ya matso da fuska yana ƙifta ido a kan baƙaƙen da ba ya gani, ba ya kuma ji.

"Ya yi kyau a Turancin?"

"Kamar daga bakinka."

"To, aika. Aika yanzu, da sunana."

Ta aika. Daɗi ya kama shi har ya miƙo hannu zai dafa ta, ta janye ta ɗauki rigar sanyinta. Shi ko a jikinsa, yana ta murmushi.

"Kin ga dai ban taɓa kuskuren zaɓe ba," ya ce. "Ko sau ɗaya ƙara ba ta je gida ba."

Pernilla ta tsaya a bakin ƙofa tana sa safar hannu.

"Wa zan kai wa ƙarar, Baba? Kai ka zaunar da ni a kujerar, kai ne kuma uban da ke tuƙo ni gida."