Mai ƙosai da rabin shafi

Ka ce mini, Malam Isyaku, 'yan labaran nan da kake tsinta a rediyo ba su da amfani, yau na taurari, gobe na wani kogi, jibi na 'yan wasa, ba kai ba gindi. To, gyara zama in ba ka wani misali. A wani gari na ji shi lokacin ina yawon neman karatu. Sunan garin ya kuɓuce mini, ka san kan tsoho rariya ne, amma labarin bai zube ba.

Akwai wata mata mai suyar ƙosai a bakin tasha. Da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta iya haɗa baƙi da wasali, daga nan karatun ya tsaya. Takardun da take naɗe wa mutane ƙosai kuwa tsofaffin jaridu ne da yagaggun littattafan makaranta, kowane shafi an raba shi biyu don ya yi auki. Sai ta ɗora wa kanta wata ɗabi'a: ba ta naɗe ƙosai a takarda sai ta karanta ta, tun kafin mai ya cinye rubutun. Ta haka ta san cewa jemage yana shayar da 'ya'yansa nono, kogin Nilu kuma arewa yake gangarawa. Ta san masara baƙuwa ce a ƙasarmu, daga hayin teku aka kawo ta. Ta san wani sarkin Mali ya taɓa zuwa hajji da zinariya har darajarta ta faɗi a Masar, fina-finan farko kuma ba su da murya, sai dai ka ga baki yana motsi. Amma yawancin abin da ta sani rabi ne, don inda labari ya fara daɗi, nan takarda take ƙarewa. Direbobi har tsiya suke yi mata. In layi ya yi tsawo sai wani ya ɗaga murya: “Hajiya, a sallame mu mana, ƙosai muka zo saye, ba digiri ba!” Ita dai sai ta yi dariya, ta ƙarasa layinta, sannan ta miƙa.

Wata shekara rani ya yi tsanani, rijiyoyin unguwa suka ƙafe. Aka tuna da wata tsohuwar rijiya a bayan gidan su mai ƙosan, wadda aka rufe da itace da ƙasa tun zamanin kakan mijinta. Mai yasar rijiya na garin ya tafi cin rani, sai mijin ya ce shi zai shiga. Da hantsi maza suka taru, aka buɗe bakinta, ya tuɓe riga, aka ɗaura masa igiya a ƙugu. Tana cikin suya labari ya iske ta. Ta bar kasko a kan wuta ta taho da gudu, saboda wani rabin shafi ya faɗo mata a rai. An rubuta a ciki cewa iskar da wuta take ci da ita, ita ce mutum yake shaƙa ya rayu, kuma a rami mai zurfi da ya daɗe a rufe... nan takardar ta yage. Ba ta taɓa ganin ragowar ba. A kan hanya ta ƙarasa maganar da hankalinta: inda wuta ba ta rayu ba, mijinta ma ba zai rayu ba.

Ta riƙe igiyar ta ce, “Malam, don girman Allah a fara zura fitila.” Ya ce, “Ke, rijiyar kakana ce fa, sanina ta yi.” Wani daga gefe ya ce, “To, jaridar ƙosai ta iso.” Aka yi dariya, amma ba ta saki igiyar ba. Don a rabu da ita aka kawo fitilar ƙwai, aka kunna, aka ɗaura a igiyar guga aka zura. Gaba ɗaya, gaba biyu, tana ci sarai. A gaba ta biyar harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi ja, ya mutu, alhali ba iska ba ruwa. Aka ce lagwani ne. Aka gyara, aka sake zurawa, ta sake mutuwa a daidai wurin nan. Mijin ya dubi igiyar da ke ƙugunsa, ya kwance ta da kansa, ya nemi gefe ya zauna.

Kwana biyu suka yi suna zura rassan darbejiya masu ganye suna jawowa, don iskar sama ta sauka ta kori ta ƙasa. A rana ta uku fitila ta kai har gindin rijiya tana ci. Sannan ya shiga, ya yashe ta, ya fito da ƙafafunsa, unguwa ta sha ruwa har faɗuwar damina. An ce ƙosan ranar farko ya ƙone ƙurmus a kasko, kuma ba wanda ya yi mata ƙorafi.

Saboda haka, Malam Isyaku, ɗan abin da ka ji yau ka sa shi a aljihun zuciya, ko da rabi ne, ko da ba ka ga ranarsa ba tukuna. Ni kaina da yawa sun zube mini, amma wanda ya rage yana yi mini aiki. Hausawa sun riga sun faɗa: ajiya maganin wata rana.