Inuwar Gwanda

Tun da aka kafa dokar yaye rufin gini guda a duk jami'ar da ta sauka mataki a jerin jami'o'in duniya, karatunmu ya koma gindin bishiya. Sashen Lissafi ya samu mangwaro, mu 'yan Tarihi aka ba mu gwanda.

Rannan na raka shugabar sashenmu, Dakta Saratu, ofishin shugaban jami'a, wato gindin tsamiya.

"Ranka ya daɗe, ɗalibai tamanin a inuwar gwanda? Yini muke muna bin ta da benci. Jiya a bakin makewayi muka ƙarasa jarrabawa."

"Kwantar da hankalinki, Dakta. Bana mun hau mataki uku! An ce babu jami'ar da ta kai mu iska a aji."

"Alhamdulillahi! Za a mayar mana da rufinmu ke nan?"

"Wane rufi? Gwamnati ta ce ashe ragin ne ke gyara mu."

Da muka koma, sai ga wani mutum da gatari a kafaɗa yana kewaya gwandarmu. Ya gaishe mu cikin ladabi, ya tambaya ƙarfe nawa muke tashi.