Ƙunshin Magani da Ƙoƙonsa

Nomau ya kawo wa malamarsa kuka. Yana tsara wa wani kantin magani rumbun bayanai a kwamfuta, yana so ya haɗa sunan kowane magani da awonsa da yadda ake shan sa su zama abu guda, shugabansa kuwa ya ce sai an warwatsa su, kowanne da nasa jadawalin daban. Sai ta ba shi wannan misali.

An yi wata tsohuwa mai sayar da magani a kasuwar ƙauye. Ita ba ta baza kaya. Kowane magani ƙunshi guda ne: saiwarsa, sassaƙensa, 'yar kanwarsa, da ɗan ƙoƙon awo da ta yanka daidai ƙarfinsa, duk igiya ɗaya ta ɗaure su. Ana nan aka yi sabon sarkin kasuwa, irin mutanen nan masu son a ga tsari ko da na banza ne. Ya ce saiwoyi faifai ɗaya, sassaƙe faifai ɗaya, ƙoƙo guda ya ishi kowa, wanda ya ƙi ya bar rumfarsa. Maƙwabtanta suka kwance nasu, rumfuna suka yi kyau kamar jeren amarya. Ran tsohuwa ya ɓaci ƙwarai, don rumfar nan gadon uwarta ce, amma ta ce, "Ranka ya daɗe, kasuwa taka ce, ƙunshi nawa ne. Ba zan kwance ba." Aka kora ta can bakin turken jakuna, ga rana ga ƙuda, ciniki ya ja baya, ita dai tana ta ɗaurinta.

Saiwa kuwa in ta bushe, duk kama suke yi. Da ciwon ciki ya kama mahaifiyar sarkin kasuwa, aka auno mata daga jeren nan mai kyau, saiwar wani magani da awon wani. Ta sha, ta kwanta rai a hannun Allah. Sai ga sarkin kasuwa da kansa yana tsallake kashin jaki, ya durƙusa ya ce, "Iya, ki taimaka, ki koma rumfarki." Ta miƙa masa ƙunshi guda, ko kallonsa ba ta yi ba. "Ƙoƙon yana ciki. Kada ka auna da wani." Mahaifiyarsa ta tashi, tsohuwa ta koma rumfarta ba ta kwance ko igiya ɗaya ba.

Malama ta ce, "Abin da ba ya cika sai tare, ɗaure shi tare, ko shugaba zai ɗaure fuska. Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi."