Karen da Ya Hana a Ɗaga Babur

Tanimu, na ji umarnin da ka ba sabon maigadinka, wai ko wane ne ya zo, ko me ya kawo shi, in ba kai ka yi magana ba kada ya buɗe ƙofa. To, gyara zama ka ji wani misali, don ni har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

An yi wani mai hoto, gwanin gaske, wanda ba a suna ko biki a ƙauyukan kewaye sai an aika masa. Yana da ɗan babur irin mai faffaɗan wurin ajiye ƙafa, kullum a goge yana sheƙi, yana kuma da wani jan kare da ya raina tun yana kwikwiyo. In zai fita aiki, kyamara a wuya, sai karen ya ɗare tsakanin ƙafafunsa, kunnuwa na kaɗawa a iska. Mutumin nan ya tsani a taɓa masa babur. Sai ya zauna ya hori karen, da nama da bulala, har ya haddace abu guda: duk wanda ya kai hannu kan babur ɗin nan, a far masa. Ba ya jin tsawa, ba ya jin lallashi, ba ya karɓar abinci a hannun kowa. Abin da ke janye shi kaɗai shi ne wani fito da maigidan ke yi da yatsu biyu a baki. Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Ina! Sai ya mai da shi abin nishaɗi. Ya kafe babur a bakin hanya inda dole a raɓa shi, ya koma gefe ya saita kyamara yana jira. Wanda tsautsayi ya sa ya dafa, kare ya yi kansa, shi kuma ƙyas, ya ɗauka. Ya wanke hotunan ya manna a allon ƙofar shagonsa: ga dattijo ya yar da hula yana gudu, ga wata mai nono ta faɗi, ƙwaryarta ta fashe, bakinta a wangame. 'Yan zaman kashe wando su taru su yi ta ƙyaƙyata dariya. Manya suka yi masa magana, ya ce ai shi bai taɓa cizon kowa ba.

Ranar wata kasuwa, da rana tsaka, yana dawowa daga wani suna mai nisa, inji ya ɗau zafi rau, sai tayar gaba ta shiga rairayi a kan kwana. Babur ya kayar da shi ya danne. Bakinsa ya daki dutse, leɓe ya tsage, haƙoran gaba suka zube, salansa kuwa, wato bututun hayaƙin babur, ta kwanta daidai kan ƙwaurinsa. Karen ko ƙwarzane bai yi ba. Masu zuwa kasuwa suka yar da kaya suka rugo, don mutum biyu sun isa su ɗaga ɗan babur ɗin nan kafin ƙiftawar ido. Na farko na kai hannu, kare ya cafke masa damtse. Na biyu ya matso, ya yage masa riga. Mai hoto ya cusa yatsu a baki zai yi fito, ba abin da ya fito sai jini da iska. Ya sake, haka. Ya yi ta kiran sunan karen yana roƙonsa, alhali shi da kansa ya koya masa cewa magana ba ta janye shi. Wani manomi ya ɗaga fartanya zai sheme karen, sai ya ga ya tsaya ne a saitin kan ubangidansa, in ya kuskure mutum zai kashe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mutum sama da ashirin a tsaye ana salati, ƙaurin naman ɗan Adam na tashi, an rasa mai iya matsawa taku ɗaya.

Sai da wani mai kaji ya zazzage kajinsa a ƙasa, ya lallaɓo ta baya ya kife karen da kwando, mutum uku suka haye kai, sannan aka ɗaga babur. Wallahi fatar ƙafar ta bi salansa, ana ganin farin ƙashi. Wadda ta tallafi kansa tana share masa jini da gefen mayafinta, da ya buɗe ido ya dube ta, mai nonon nan ce ta jikin allo. Ta ci gaba da share masa jinin. Aka sa shi a mota zuwa asibiti, can aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Shi kuwa karen, ana ɗage kwando ya je ya kwanta a gindin babur yana kaɗa wutsiya, yana jiran a ba shi nama, don a saninsa bai taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba.

Karen nan ba shi da laifi ko na anini, Tanimu. Abin da aka ɗora shi a kai ya riƙe, ya kuma riƙe shi da amana. Kai ma ba ka san ranar da za ka kasance a kwance cikin gida bakinka bai iya magana, maƙwabta na bugun ƙofa ba. Tashi ka je ka gyara wa maigadinka zance. Shi ya sa Hausawa suka ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, wataƙila kai za ka faɗa.